Idan injin jirgi ya mutu a tsakiyar teku, yaushe ya kamata a nemi agaji?

Kadet_na_Injin:
Assalamu alaikum manyana. Wata na biyar ke nan a jirgi, kuma wannan ce tafiyata ta farko, jirgin dakon hatsi ne. Makon jiya muna tsakiyar Tekun Indiya, wajen ƙarfe biyu na dare, wuta ta ɗauke gaba ɗaya, babban injin ya tsaya. Ba ƙara ce ta tashe ni daga barci ba, shiru ne ya tashe ni. Wata biyar ina kwana da rawar injin a ƙarƙashin gadona, sai na farka na ji babu ita. An dawo da wuta cikin ƴan mintuna, amma da aka tayar da babban injin sai aka ga ruwan sanyaya yana zuba a silinda ta huɗu, rigarta ta ciki ta tsage. Awa 31 muka yi ruwa yana tafiya da mu kafin a gama canza ta. Abu biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko, kyaftin bai nemi agajin kowa ba, ofishin kamfani kawai ya yi ta magana da su. Shin daidai ne mutum 22 su zauna a kan mataccen jirgi ba a kira taimako ba? Na biyu, lokacin da na sauka ɗakin injin cikin duhu ƙafafuna sun ƙi motsi, ban san abin da zan taɓa ba. Ku da kuka daɗe, ya kuke yi da wannan?

Tsohon_Cif:
Wa alaikumus salam ɗana. Barka da arziki. Bari in fara da tambayarka ta farko. Tsayawar injin ita kaɗai ba ita ce hatsari ba. Abu uku ake dubawa: nisanka da gaɓa, yanayin iska, da ko ruwa yana shiga jirgi ko wuta ta kama. Idan kana da ɗaruruwan mil tsakaninka da ƙasa, teku a kwance, jirgi bai huje ba, kayan gyara suna cikin sito, to kana da abin da ya fi komai tsada, wato lokaci. A inda ka ce kuke, ko an kira janwe na teku sai ya yi kwanaki kafin ya iso, ku kuwa kun gama a kwana ɗaya da ƴan awoyi. Ni a ganina kyaftin ɗinku bai yi laifi ba. Da a bakin gaɓa ne iska tana tura ku wajen duwatsu, da magana ta canza.

Mataimakin_Kyaftin:
Ƙari a kan maganar Baba Cif. Kai kana ƙasa, ba ka ga abin da ake yi a ɗakin tuƙi ba. Da zarar jirgi ya rasa iko da kansa ana kunna jajayen fitilu biyu, ɗaya a saman ɗaya, da rana kuma a rataye baƙaƙen ƙwallaye biyu. Dokar kauce wa karo ta 1972 ce ta tanadi haka, domin duk jirgin da ya hango ku ya san shi ne zai kauce. Ana canza bayanin jirgi a na'urar da ke nuna shi ga sauran jirage, ana sanarwa a tasha ta 16 ta rediyo, sannan a riƙa auna inda ruwa yake kai ku da saurin da yake kai ku. Saboda haka ba wai an yi shiru ba ne. Kuma kira iri-iri ne: akwai na gaggawa da ba a kai ga barazanar rai ba, shi ne Pan-Pan, akwai Mayday wanda sai rayuka suna cikin hatsari ake yin sa.

Baƙon_Zaure:
Ku yi haƙuri da tambayar wanda bai taɓa hawa jirgi ba. Me ya hana a saki anga jirgi ya tsaya wuri ɗaya har a gama gyara?

Mataimakin_Kyaftin:
Sarƙar anga ƴan ɗaruruwan mita ce, ɗan'uwa, zurfin tsakiyar teku kuwa ya kai mita dubu uku, dubu huɗu. Ba ta da abin kamawa. Sai kusa da gaɓa take aiki.

Mai_Walda77:
Ni ban yarda da Baba Cif gaba ɗaya ba, tare da girmamawa. Wannan "muna da lokaci" ita ce ta sha jefa mutane cikin bala'i. Ku tuna da jirgin dakon mai Amoco Cadiz. A watan Maris na 1978 injin juya akalarsa ya lalace a kusa da gaɓar Faransa, yana ɗauke da ɗanyen mai sama da tan 220,000. An ɓata lokaci ana ƙoƙarin gyara, da janwe ya zo kuma aka tsaya ciniki a kan sharuɗɗan ja, igiya ta tsinke, kafin gari ya waye jirgin yana kan duwatsu, man ya malale gaba ɗaya a gaɓar yankin Biritani na Faransa. Injiniya kullum gani yake saura kaɗan ya gama. Na sha jin "awa biyu ta ishe mu" ta koma awa ashirin. Ni dai gara a kira da wuri a ce an yi gaggawa.

Tsohon_Cif:
Malam Mai_Walda, ai ka ƙarfafa maganata ne. Amoco Cadiz a bakin gaɓa yake, cikin iska mai ƙarfi. Shi ya sa na ce a duba nisa da yanayi. Amma ka faɗi gaskiya a kan kimanta lokaci. Abin da na koya da tsufana shi ne, idan kyaftin ya tambaye ni awa nawa, sai in lissafa a raina in ninka biyu in gaya masa. Shi da wannan adadin zai yanke shawara, idan na rage masa don in faranta masa rai, na cuce shi na cuci kowa.

Ƴar_Inshora:
Ni ba ma'aikaciyar jirgi ba ce, a ɓangaren inshorar kayan teku nake aiki, bari in faɗi dalilin da ya sa kiran janwe yake da nauyi. Hanya biyu ce. Ko dai kamfani ya yi hayarsa a kan kuɗin yini kamar kowane aiki, ko kuma a sa hannu a takardar ceto ta Lloyd's, wadda ƙa'idarta ita ce idan ba a ceto ba babu biya. Idan an ceto kuwa, ladan ya danganta da darajar jirgin da kayan da ke cikinsa da irin hatsarin da aka shiga, yana iya zama kuɗi mai yawan gaske. Bayan haka mai jirgi yana iya ayyana asarar tarayya, wato duk mai kaya a cikin jirgin ya biya kasonsa kafin a sakar masa kayansa. An yi haka a kan jirgin Ever Given da ya maƙale a mashigin Suwez a 2021. Ga kuma wanda ya yi hayar jirgin, shi ma yana daina biya na tsawon lokacin da injin yake tsaye. To kun ga dalilin da ya sa wayar ofis ba ta barin kyaftin ya huta.

Mai_Walda77:
To kun ji. Kuɗi ne a gefe ɗaya, rayukanmu a ɗaya gefen.

Mataimakin_Kyaftin:
Hajiya ta yi bayani daidai, amma a ƙara da wannan: kundin kula da tsaron jirage na ISM ya ba kyaftin iko sama da na kowa a kan abin da ya shafi tsaro da gurɓata teku, har da neman taimako. A rubuce yake, kowane kamfani dole ya amince da shi. Matsalar dai ita ce kyaftin ma ɗan kwangila ne, yana tunanin ko za a sake kiransa. Na yi aiki da wanda ya kashe wayar ofis ya kira hukumar tsaron gaɓa, na kuma yi aiki da wanda ba ya iya canza hanya sai ya nemi izini.

Uwar_Yara_Uku:
Ni matar injiniya ce. Ku kuna maganar janwe da inshora, mu a gida abin da muke gani kawai shi ne saƙo ya daina shigowa. Shekara biyu da suka wuce na yi kwana huɗu ban ji daga gare shi ba. Na buɗe manhajar da ke nuna inda jirage suke, na ga jirginsu bai gusa ba, alamar tana wuri ɗaya. Ban iya cin abinci ba, yara suna tambaya ina ce musu aiki ne ya yi masa yawa. Na kira ofishin da ya ɗauke shi, aka ce mini babu matsala, shi ke nan. Da ya samu sarari ya rubuto layi ɗaya: lafiya muke, gyara muke yi. Don Allah ku maza, ko layi ɗayan nan ne ku riƙa turowa. Kadet, ka gaya wa mahaifiyarka kuwa?

Kadet_na_Injin:
Anti, ban gaya mata ba sai da muka kama hanya. An rufe intanet ɗin ma'aikata a lokacin, an ce a bar wa kyaftin layin. Allah ya saka da alheri, na ji maganarki.

Kuku_Teku:
Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ruwan sha. Da injin ya tsaya, ranar nake fara ƙidayar abin da ke tanki. A rufe injin wanki, wanka a taƙaita, ni ma in canza irin girkin da zan yi zuwa wanda ba ya cin ruwa da wanke-wanke. Ɗakunan sanyi kuma ba na buɗe su sai dole. Amma abin da na ɗauka aikina ne na gaske a irin wannan rana shi ne kada mutanen ƙasa su zauna da yunwa. Ba sa hawowa cin abinci, saboda haka ni nake sauka musu da shi, da ruwan sanyi da gishiri kaɗan saboda gumi. Na taɓa ganin injiniya na biyu yana cin abinci a tsaye hannunsa yana rawa bayan awa ashirin bai zauna ba.

Baƙon_Zaure:
Mene ne haɗin ruwan sha da injin kuma? Na ɗauka a tashar jirage ake cika tanki.

Injiniya_na_Uku:
Yawancin manyan jirage su suke yin ruwansu. Akwai na'urar da ke tafasa ruwan teku a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, ta yadda zai tafasa tun bai yi zafi sosai ba, tururin ya koma ruwa mai daɗi, gishirin a mayar teku. Zafin da take amfani da shi daga ruwan sanyaya babban injin yake fitowa. Injin ya huce, ita ma ta tsaya. Shi ya sa Malam Kuku yake fara ƙidaya.

Kadet, a kan tambayarka ta biyu da kowa ya tsallake. Daskarewar da ka yi ba abin kunya ba ce, kusan kowa ya yi ta a karon farko. Maganinta shi ne ka san jerin abin da ke biyo baya har ya zama ba sai ka yi tunani ba. Janareta na gaggawa, wanda ke wajen ɗakin injin, doka ta ce ya tashi da kansa cikin daƙiƙa 45, kuma a jirgin kaya ya iya ɗaukar muhimman abubuwa har awa 18. Shi zai ba ka fitilun gaggawa, da injin juya akala ɗaya, da famfon kashe gobara, da rediyo. Daga nan a tayar da babban janareta, a mayar da wuta kan allon rarraba ta, sai famfunan ruwan sanyaya, famfon baƙin mai, famfon man ƙonawa, ɗaya bayan ɗaya don kada a ɗora wa janareta nauyi lokaci guda ya sake faɗuwa. Babban injin shi ne na ƙarshe, kuma da iska ake tayar da shi, iskar da aka matse a tankuna har matsinta ya kai awon "bar" 30. An ƙera tankunan su isa tayarwa 12 ba tare da an ƙara ba, to kada a yi ta bugawa a banza kafin a san abin da ya tsayar da shi. Ka ɗauki tocila a ranar da babu matsala, ka bi bututun nan ɗaya ɗaya da ƙafarka, ka zana su a littafinka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai_Lantarki:
Tocila a aljihu kullum, ko banɗaki za ka. Kuma ku daina raina ƙananan abubuwa. Jirgin kwantena Dali da ya bugi gada a Baltimo ta Amurka ranar 26 ga Maris 2024, wuta ce ta ɗauke masa yana fita daga tasha, ma'aikatan gyaran hanya shida suka rasu a kan gadar. Masu bincike sun gano waya ce guda ɗaya da ba ta zauna daidai a mazauninta ba. Jirgi mai tsawon kusan mita 300, waya ɗaya. A nan babu maganar a kira wa ko kada a kira wa, mintuna kaɗan ne tsakanin ɗaukewar wuta da karo. Duk da haka kiran gaggawar da aka yi daga jirgin shi ya sa aka tare motoci kafin gadar ta faɗi.

Baƙon_Zaure:
Shi ma Ever Given da Hajiya ta ambata ai injin ne ya mutu masa a Suwez ko?

Mai_Lantarki:
A'a, wannan daban ne. Injinsa yana aiki, iska mai ƙarfi ce da yadda aka sarrafa shi a cikin mashigi mai ƙunci suka sa ya gicciye. Kwana shida ya tare hanya.

Tsohon_Cif:
Tunda an shiga misalai, akwai biyu da nake son kowane matashin injiniya ya riƙe, domin dukansu a kan baƙin mai ne. El Faro ya nutse ranar 1 ga Oktoba 2015 kusa da tsibiran Bahamas cikin guguwar Joaquin, mutum 33 babu wanda ya tsira. Jirgin ya karkata, famfo ya daina samun baƙin mai, injin ya tsaya a lokacin da aka fi buƙatarsa. Viking Sky kuma, jirgin fasinja, a Maris 2019 a gaɓar Nowe: man da ke tankunan injinansa ya yi ƙasa, da teku ta hargitse ya riƙa kaiwa da komowa, famfo ya zuƙi iska, injinan suka kashe kansu. Saura ƙiris ya hau duwatsu, anga ce ta riƙe shi, aka kwashe sama da mutum 400 da jirage masu saukar ungulu. Kafin ka shiga mummunan yanayi, cika tankin baƙin mai. Abin da ya isa a ruwa kwance ba ya isa idan jirgi yana tangaɗi.

Kuma ɗana, mataccen jirgi ba ya fuskantar igiyar ruwa, juyawa yake ya ba ta gefe, sai ya yi ta tangaɗi. Ku da kuka ɗaga murfin silinda da fistin masu nauyin tan-tan a cikin wannan hali, Allah ne ya kiyaye, kuma ina fata kun ɗaure su da sarƙoƙi ta kowane gefe. Da teku ta fi haka tashi, abin da zan yi shi ne in yanke wa silindar mai, in ware ta, mu lallaɓa da sauran a hankali har inda za a iya aikin.

Oila_Shekara20:
Ni ƙorafina a kan kayan gyara ne. A wani jirgi da na yi aiki, wata shida cif, wato babban injiniya, yana rubuta buƙatar zobban fistin da bawul, ofis yana cewa a jira tasha ta gaba, can ya fi araha. Ranar da abin ya lalace, tsohon bawul da muka cire bara muka ɗauko daga tarkace, muka kwana muna goge shi da hannu. Ya kai mu ƙasa, amma da muka isa tambayar farko da aka yi mana ita ce me ya sa muka makara. Kadet, ku gode wa Allah akwai sabuwar rigar silinda a jirginku.

Injiniya_na_Uku:
Yaya Oila, wannan ciwon kowa ne. Sannan a duba man ƙonawa. Tun 1 ga Janairu 2020 aka rage yawan sinadarin salfa da aka yarda da shi zuwa kashi 0.5 cikin ɗari, a wasu yankuna kamar Tekun Baltik kashi 0.1 ne. Kafin ka shiga irin yankunan sai ka sauya daga mai mai kauri, wanda ake dafawa ya wuce digiri 100, zuwa mai tsinkakke mai sanyi. Idan aka yi sauyin da gaggawa famfunan mai suna iya cijewa, idan kuma man biyu ba su jitu ba sai su yi dabo su toshe matata. Kadet, me ya ɗauke muku wutar tun farko?

Kadet_na_Injin:
Matatar man janareta ce ta toshe, Yallaɓai, kwana biyu bayan mun fara amfani da sabon man da muka sha. Cif ya ce tsagewar rigar silindar ta daɗe tana tafe, hucewa da sake ɗumamar injin ne suka ƙarasa ta.

Mai_Walda77:
Wani abu da zan roƙe ka, tunda kai sabo ne. Idan ƙararrawar hayaƙin mai ta akwatin ƙaranshaf ta buga aka tsayar da injin, kada ka kusanci ƙofofin, balle ka buɗe. Aƙalla minti 20 ake jira ya huce. Iska ta shiga ta tarar da tururin mai da ƙarfe mai zafi, fashewa ce. A 1947 irin wannan ta kashe mutum 28 a jirgin Reina del Pacifico. Gaggawa a ɗakin injin ta fi lalacewar kanta kisa.

Uwar_Yara_Uku:
To hutu fa? Awa 31 mutum yana aiki, babu dokar da ta hana?

Mataimakin_Kyaftin:
Akwai, Hajiya. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ta ce aƙalla hutun awa 10 cikin kowace awa 24, da awa 77 a mako. Amma ta yarda kyaftin ya dakatar da wannan idan tsaron jirgi ya buƙata, da sharaɗin a rama wa mutane hutunsu bayan an fita daga matsalar. Ramawar ce ba kullum ake samu ba, domin da an iso tasha ga masu duba jirgi, ga sauke kaya.

Tsohon_Cif:
Shi ya sa ni nake raba mutanena gida biyu tun awa ta farko, ko da suna cewa za su iya. Wanda ya yi awa goma sha shida a zafin da ya wuce digiri 45 shi ne zai manta tsumma a cikin silinda, ko ya ɗaure ƙusa rabi. Sai a rufe, a tayar, a sake buɗewa.

Mai_Walda77:
Na ji duk bayanan, amma ina nan a kan bakana. Ko ba za a kira janwe ba, a sanar da cibiyar ceto mafi kusa tun awa ta farko cewa ga mu nan a tsaye. Ba ta cin ko sisi. Yanayi yana juyawa cikin yini guda, kuma gyaran da aka ce na awa 31 ne yana iya tono wata ɓarnar a ƙarƙashi.

Mataimakin_Kyaftin:
A kan sanarwa ba mu saɓa ba, kuma mai yiwuwa kyaftin ɗinsu ya yi, kadet bai gani ba. Inda muka rabu shi ne lokacin da sanarwa za ta koma neman a zo. Ni ina auna shi da awoyin da suka rage kafin ruwa ya kai ni inda ba na so, in cire awoyin da janwe zai ɗauka kafin ya iso ya ɗaura igiya. Idan abin da ya saura bai ninka lokacin da cif ya ba ni ba, kira zan yi.

Kadet_na_Injin:
Na gode ƙwarai manyana. Na tambayi mataimakin kyaftin ɗinmu yau, ya ce an aika sanarwa, kuma mil 600 ne tsakaninmu da ƙasa mafi kusa. Duk da haka maganar Malam Mai_Walda ba ta bar raina ba, don da rigar silindar ta ƙi fita ban san me za a yi ba. Na fara bin bututun iskar tayarwa da littafina kamar yadda Yallaɓai Injiniya_na_Uku ya ce. Akwai wani ƙaramin kwamfuresa a kusa da janareta na gaggawa da ban taɓa ganin an kunna ba. Shi ne ake fara cika ƙaramin tanki da shi idan iskar manyan tankuna ta ƙare gaba ɗaya?

Injiniya_na_Uku:
Shi ne. Ka roƙi injiniya na biyu ya bar ka ka kunna shi da hannunka a gwajin ranar Asabar, kuma ka duba agogo ka ga minti nawa yake ɗauka kafin iskar ta isa tayar da janareta ɗaya.